Awon Saratu a Boɗinga

Laraba da dare, Dandin Mahe

Yau na kai matata Saratu awon ciki a Boɗinga. Watanta bakwai, amma cikin bai fito sosai ba, shi ya sa anka ce a yi mata hoto.

Likitar ta daɗe tana zagaya na'ura bisa cikinta, sannan ta kira ni ta nuna mana igiyar cibiya. Ta ce siririya ce, jinin da ke bi ta cikinta ba ya isar yaron, shi ya hana shi girma. Na tuna ɗan da munka rasa bara waccan.

Saratu kuwa, wadda ko a gaban yayana ba ta ɗaga kai, ta gyara zama ta ce, "Likita, shina da rai?"

"Da ransa. Ga bugun zuciyarsa nan."

"To, gaya mini abin da zan yi, in yi."

Ta sa anka maimaita mata komai har ta riƙe. Awo kowane mako, ta riƙa lura da motsinsa, in ya ragu mu nufi Sakkwato nan take. Wataƙila a ciro shi kafin lokaci.

A hanyar dawowa hawaye sunka rufe mini ido, har babur ya faɗa rami. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Malam, tuƙa sannu. Mu ukku muke."

Yanzu tana barci abinta, ni na kasa. Ashe ban gama sanin matar da na aura ba. Allah Ka sauke ta lafiya.