Dabul Sigina a Mararrabar Sharaɗa

Challawa, Litinin

Ƙanwata Aina'u,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar maigidanki Bashir? Na ba Sagir, direban kamfaninmu, takardar nan tunda yana kai fata sitonku na Bompai, don ba maganar da zan yi a waya gaban sauran direbobi ba ce.

Kamfaninmu ya fito da sabon salo. Kowane laifin tuƙi sai a ɗora wa lasinka maki, in ya kai sha biyu a karɓe makulli. Nawa sha ɗaya. Wai sai na yi karatun dokokin hanya a intanet, in na ci jarrabawa a zabge mini shida. Na ari waya na gwada, wai na faɗi! Ni Ashafa, shekara ashirin da uku a kan sitiyari, ko akuya ban taɓa takewa ba. Har da tambayar me za ka kunna in za ka miƙe a mararraba. Na ce dabul sigina, fitilar hagu da ta dama a tare, yadda kowa yake yi, wai kuskure ne.

Dama ɗaya ta rage, ranar Asabar. Ke kin saba da kwamfuta, ki rubuta mini da lambata a wuce wurin.

Yayanki, Ashafa

Bompai, Talata

Yaya Ashafa,

Wa'alaikumus salam. Bashir da sauƙi, ya fara takawa da sanda, yana gaishe ka.

Yaya, ka yi haƙuri, ba zan rubuta ba. Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ranar da tirela ta buge keken adaidaita sahun Bashir a mararrabar Sharaɗa, dabul direban ya kunna. Bashir sabon shiga ne a hanya, abin da aka koya masa shi ne mota mai dabul ta lalace ne ko tana tsaye. Sai ya ratsa ta gabanta. Har yau in na ga fitilun nan biyu suna ƙyaftawa, gabana faɗuwa yake yi.

Ga babbar wayata nan na ba Sagir, na sa mata data. Wanda ya haddace hanyar Legas rami-rami, darasi goma ba za su gagare shi ba.

Ƙanwarka, Aina'u

Challawa, Laraba

Aina'u,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta ɓata mini rai, ba zan ɓoye miki ba. Na ninke ta na tura aljihu, da azahar kuma na sake buɗewa. Ina darasi na huɗu. Rubutun ƙanana ne kamar tururuwa, sai da na sayi tabarau a bakin ƙofar kamfani, direbobi suna ta kira na Farfesa. Su yi ta yi, Asabar za su gani.

Ashafa

Challawa, Asabar

Aina'u,

Assalamu alaikum. Na ci, maki ya koma biyar, makulli yana aljihuna.

Da la'asar na bi ta mararrabar Sharaɗa da lodi. Hannuna ya kai kan makunnin dabul da kansa, na janye shi.

Ba ni na buge Bashir ba, ranar ina Legas. Amma rabin direbobin Challawa a hannuna suka koyi mota, kuma ni na koya musu dabul ɗin nan. Wannan ya tsaya mini a rai.

Ki bar mini wayar zuwa ƙarshen wata. Waɗanda na koya wa da ke kamfaninmu su sha huɗu ne, na rubuta sunayensu, da Sagir zan fara nuna musu darasin.

Ki gaishe da Bashir. Gobe ina tafe, da bakina zan gaya masa ni na koya musu.

Yayanki, Ashafa