Baba da Masarar Bana

Naibonat,
11 ga Maris.

Zuwa ga yayana Alarico,

Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Yaya Zelia da dukan mutanen gida a Ossu. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare mana ɗanka Nelson a can Koriya, ya dawo da shi da hannuwansa biyu. Mu nan muna godiya. Mijina Yustus yana nan yana fama da babur ɗinsa tsakanin kasuwa da gida, ɗiyarka ta wajena Marieta kuma ta shiga ajin ƙarshe, ta dage sai ta zama nas. Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. To, wayarku ta Ossu sai mutum ya hau tudun bayan coci take kamawa, sannan ni da kai ba mu taɓa yin minti biyar a waya ba mu yi faɗa ba. Takarda kuwa ba ka iya katse ta. Sista Imaculada ta cocinmu za ta je Baucau, can wajenku, gobe da safe, ta yi mini alkawari ba za ta ba kowa ba sai hannunka.

Yaya, maganar Baba ce. Yau kwana shida ke nan bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa, kuma laifina ne. Gara in faɗa maka da bakina kafin wani ya kai maka labarin a karkace.

Ka san tun ranar da motocin soja suka kwaso mu suka ƙetaro da mu wannan ɓangaren na kan iyaka, kai kuma ka haye dutse ka ƙi biyo mu, Baba bai sake cin sabuwar masara ba. Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin, yanzu ina da furfura. Irin da ya ɗauro a bakin zanen Inna shi yake shukawa a bayan ɗaki kowace damina. Ya yi mata noma, ya kori awaki, ta yi goyo, mu gasa mu dafa, shi ko kallon tukunyar ba ya yi. Ya ce bai kai daminsa ɗakin kakanni ba, ba a ba shi ganyen malus ya tauna an shafa masa a goshi ba, to da wane baki zai riga iyayensa ci? Sai ta bushe ƙayau ta kwana biyu a rataye sannan yake yarda a surfa masa. Sauran mutanenmu na nan tuni suka sama wa kansu mafita. Suna yanka kaza a gindin sanda a bayan gida, su fuskanci gabas, su ci abinsu. Inna Balbina, wadda ka sani ta gangaren rafi, kullum tsokanarsa take, wai kakanni ba su da fasfo amma ba a taɓa tare su a kan iyaka ba, shi ne dai mai taurin kai ya fi su sanin doka. Sai ya ce mata ta ci abinta, ai ita ko a Ossu ma ba ta taɓa jiran kowa a kan abinci ba.

A watan jiya zazzaɓi ya kwantar da shi mako biyu. Ya tashi, amma haƙoran da suka rage masa guda huɗu ne, kuma cikinsa ya daina karɓar tsohuwar masara ko da na dafa ta ta yi lugub. Shinkafa kuwa ka san ra'ayinsa, wai abincin ma'aikatan ofis ce, cokali biyu ya ture kwano. Ina kallon mahaifina yana ƙarewa a kan gado, ga masara ɗanya shar a bayan ɗaki. Sai na karyo guda uku, na gurza, na tace, na dama masa kunu, na ce masa garin shinkafa ne da madara. Yaya, ya shanye tas. Ya suɗe cokali, ya ce rabonsa da abu mai daɗi haka tun Inna tana da rai. Washegari na ƙara, ya sha. Na yi murna har na kunna kyandir a coci. A rana ta uku ƙarfinsa ya dawo, ya tashi da kansa ya dogara sanda ya fita tsakar gida, karo na farko cikin wata guda. A nan ya ga koren ɓawon a gaban akuya.

Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Ya daɗe a tsaye yana kallon akuyar nan tana ci, sannan ya kira ni da sunan da yake kirana ina ƙarama, ya ce Linda, shekara ashirin da huɗu abu ɗaya ya rage masa na gida, shi ma na damar masa a kofi. Ya koma ya kwanta ya juya fuska bango. Tun daga ranar duk abin da na kawo sai ya ce in ajiye. Yustus ya roƙe shi, fada, limamin cocinmu, ya zo ya ce masa wanda aka yaudara ba shi da zunubi. Baba ya ce ya yarda da fada a kan abin da ya shafi coci, amma wannan magana ce tsakaninsa da ubansa. Ya ce ba zai ƙara cin komai a kan wannan ƙazantar ba sai an kawo masa malus daga ɗakin, kuma ɗan ɗakin ne zai miƙa masa, ba direba ba, ba sista ba. Gwaggo Palmira mai kula da ɗakin ba ta iya tafiya. Ka san wanda ya rage.

Na san amsarka, don na ji ta sau da yawa. Za ka ce kan iyaka a buɗe take, wanda ya tafi da ƙafarsa ya dawo da ƙafarsa. Da zai iya, wallahi da na goya shi. Mun kai shi asibiti a Kupang ranar Alhamis, aka yi masa ƙarin ruwa, likita ta ce zuciyarsa ba za ta ɗauki kwana guda a mota ba, balle hawan Ossu. A nan katin asibitinsa yana aiki, akwai magani jere a kan kanta, motar asibiti tana zuwa har ƙofar gida. Kai da bakinka ka ba ni labarin ranar da Yaya Zelia ta yi ciwon ciki, aka duba ta kyauta a ɗakin shan maganinku, aka rubuta mata takarda aka ce maganin sai Baucau, a Baucau aka ce sai Dili. Ba gori nake maka ba. Ina gaya maka dalilin da ya sa ba zan ɗora shi a mota ba ne.

Tunda na taɓo wannan, bari mu gama faɗan nan namu na waya a takarda, ko ma huta. Kullum kana cewa mu mun sayar da ƙasa mun sayi shinkafa mai arha. Ni kuma in ce ku kun sami tutar 'yancin kai kun rasa 'ya'yanku, duk saurayin da ya iya ɗaukar jaka yana Koriya ko Ostareliya ko Ingila yana gyaran kifi. To ga gaskiyar da ban taɓa faɗa maka ba don kada ka yi mini dariya. Shinkafa da mai da sabulu sun fi arha a nan, hanya shimfiɗe take har Kupang, wuta ba ta cika ɗaukewa ba, Marieta tana karatu da harshen da za ta nemi aiki da shi a tsibirai dubu na ƙasar nan. Amma ɗakin da muke ciki, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba tamu ba ce. Shekara ashirin da huɗu ana auna mu ana rubuta sunayenmu, har yau in rigima ta tashi a kasuwa sai ka ji an ce 'yan gudun hijira. Kabarin Inna ma a filin aro yake. Da rani tankar ruwa muke jira kamar masu jiran baƙo. Ku kuwa dala kuke kashewa, komai da tsada, taliyar da kuke ci da simintin da ka yi gini da shi duk daga wannan ɓangaren ake kai muku, yaranku suna haddace harshen Fotugis a makaranta su dawo gida ba mai amsa musu. Amma tsofaffinku gwamnati tana ba su ɗan abin hannu, ruwa yana fitowa daga dutse ba mai sayar maka, kuma in ka tsaya a gonarka ba wanda ya isa ya tambaye ka daga ina ka zo. Ni na sami asibiti, kai ka sami ƙasa, Baba kuma yana buƙatar duka biyun a mako guda.

Saura rantsuwarka, cewa ba za ka taka ƙasar mutanen da suka ƙona Ossu ba. Ban ce ka manta ba. Ban ce Baba ya yi daidai da ya zauna yana yi musu aikin malanta a ofis har ranar ƙarshe ba. Ni dai abin da na gani da idona shi ne mutum yana jefa mace da yara uku cikin mota ana harbi a bayan kasuwa, yana ta kiran sunanka har muryarsa ta dushe. A hanya sau biyu ya yi yunƙurin dirowa, Inna ta riƙe masa riga. Bai taɓa ba ka wannan labarin ba, kuma ba zai ba ka ba, don ku biyun halinku ɗaya. Kai ka ce ya bar ɗakin kakanni ba mai share shi. Shi kuwa kowace shekara sai ya zaɓi masara bakwai mafiya girma, ya ɗaure su yadda ake ɗaure na kaiwa ɗakin, ya rataye a kan ƙofa. In shuka ta zo ya kwance ya mayar da su ƙasa. Na bana ma ya ɗaure kafin zazzaɓin ya kama shi, ga su nan a saman kaina ina rubutu.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa, ko da yake na san nauyinsa. Ka je wurin Gwaggo Palmira ka faɗa mata abin da na yi, kada ka rage komai, in akwai kazar da za a yanka saboda ni a yanka. Ka karɓi malus, ka naɗe shi a ɗanyen ganyen ayaba don kada ya yi yaushi. Fasfonka na rakiyar Nelson bai mutu ba, Yaya Zelia ta gaya mini, kada ka ce mini ya mutu. Motar Dili tana tashi da sassafe ta iso Kupang da yamma, ka ce wa direba ya sauke ka a Naibonat, Yustus zai tsaya a bakin hanya da jar hula. In ba ka son kwana a ƙasar nan, kada ka kwana. In ba ka son yi masa magana, kada ka yi. Ka miƙa masa ganyen, ka shafa masa a goshi, ka juya. Na bar layi ɗaya na masarar a tsaye ban karya ba, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Inna Balbina ta duba ta ce nan da kwana goma zai bushe. Likita ba ta ba Baba kwanaki da yawa haka ba.

Ina jin tsoro, Yaya. Ni na dama kunun nan da hannuna, kuma in ya tafi a haka ban san yadda zan ƙara kallon masara ba.

Ka gaishe mini da Yaya Zelia, ka ce na gode da hotunan da ta turo. Ka gaishe da Gwaggo Palmira, ka durƙusa mata a madadina. Ka gaishe da Kawu Evaristo da iyalinsa, da Nelson in ya kira. Yustus da Marieta da ƙannenta suna gaishe ku, Inna Balbina ma ta ce in gaya maka tana nan da ranta, kuma ba ta manta gwandar da ka sace mata ba.

Da safen nan na gaya wa Baba cewa takarda nake rubuta maka, na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya rufe ido, na ɗauka barci ya yi, na tashi zan fita. Na kai ƙofa sai na ji ya ce in tambaye ka ko an riga an kai masarar bana ɗakin. In an kai, kuma ka ci, wai ka faɗa masa ko ta yi zaƙi.

Ka zo ka ba shi amsa da bakinka.

Ƙanwarka,
Ermelinda