Rasuwar Baba Mai Lema da Batun Bangon Bayan Laburare

Cikin alhini, da ruɗanin da har yanzu bai sake mu ba, Ƙungiyar 'Yan Sa-kai Masu Zagayawa da Baƙi Gine-ginen Jami'a ta samu labarin rasuwar wanda ya kafa ta, Uban Ƙungiya kuma Jagoranmu na farko, dattijon arzikin da kowa ya sani da Baba Mai Lema. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin, tsohon malami a sashen zanen gine-gine, shi kaɗai ya fara wannan aiki, yana tare sababbin ɗalibai a bakin ƙofa, yana nuna musu da tsinin lemarsa dalilin da ya sa tagogin laburare suka ba rana baya, da yadda iska ke ratsa babban zaure ba tare da fanka ba. Daga ɗalibai sai iyaye, daga iyaye sai baƙi, har muka zama ƙungiya.

Komai sai Baba ya faɗi dalilinsa, har ƙafafu su gaji, ban da abu guda. A ƙarshen kowane zagaye yakan tsaya gaban wani guntun bango a bayan laburare, bangon da bai kare komai ba, ya ɗora tafinsa, ya yi shiru, ya wuce. Mu ma haka muke yi da baƙinmu. Wasunmu kan ce nan aka aza tubalin farko, wasu su ce ragowar ajinsa ne. Sai a zaman makoki muka gane ashe kowa hasashe yake yi, yana zaton ɗan'uwansa ya taɓa tambaya. Wallahi kunya ta kama mu.

Ga shi sashen gyare-gyare na shirin rushe bangon domin faɗaɗa hanya, sun nemi mu kawo hujjar barinsa, mu kuwa da ma jira muke Baba ya samu sauƙin jinyar da yake yi mu tambaye shi.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa, 'ya'yansa da jikokinsa. Allah ya jiƙansa da rahama, ya ba ku haƙurin wannan babban rashi. Idan ya taɓa gaya wa waninku sirrin bangon, don Allah a taimake mu.

In kuma babu wanda ya sani, hujja ɗaya za mu kai musu: fentin wurin ya goge daidai faɗin tafin Baba.

Sa hannu:
'Yar Tambaya, kamar yadda marigayin yake tsokanata,
Kakakin Ƙungiya