Duwatsun da Na Sa Aka Kwashe

Litinin, 5 ga Yuni 2023
Na kama aiki a ramukan haƙar jibs, farin dutsen da ake sa wa siminti, na bayan Karofane, a matsayin jami'in kiyaye haɗurra. Abin da na tarar: rashin tsari tsagwaronsa. Shekara uku babu rahoton haɗari ko ɗaya, alhali rabin mahaƙan da tabo a jiki. Na raba fish, takardar da za a riƙa cikewa duk sa'ad da wani abu ya auku. Tsoho, shugaban mahaƙa, ya jujjuya tasa ya ce, "Mushe, mu ma muna da namu rubutu." (Mushe: haka suke kiran ma'aikaci, da Faransanci.) Na yi murmushi. Ilimi zai yi aikinsa.

Laraba, 7 ga Yuni
Bakin ramuka cike da duwatsu, uku-uku a ɗore, barkatai. Cikas ne ga zirga-zirga, ƙa'ida ta fayyace. Tsoho ya tafi bikin suna a Tama, sai na sa masu lodin kamiyo, manyan motocin kaya, suka kwashe. Wuri ya yi fes.

Litinin, 12 ga Yuni
Tsoho ya dawo, ya daɗe tsaye. "Ɗana, wa ya ɗebe su?" Wai duk inda ƙasa ta taɓa zubowa, ko ba ta sami kowa ba, sukan ɗora dutse uku, kada a sake haƙa ƙarƙashin. Na ce wannan ba hujja ba ce a kimiyyance. Ya mayar da waɗanda ya tuna. Ya ce bai tuna duka ba.

Talata, 20 ga Yuni
An yi ruwa jiya. Bangon gabas ya rufta kan Hafizu, baƙon mahaƙi daga Galma, kwanansa biyar da zuwa. Da hannu muka tono shi. Inna lillahi.

Laraba, 21 ga Yuni
Gaisuwa a Galma. Zaliha, matar Hafizu, ta aiko mini da ruwa daga cikin gida, wai ta ji ni ne mai kiyaye su. Ban iya sha ba.
Wani mahaƙi ya ce, bai dube ni ba, "Bangon gabas ɗin nan, akwai dutse da."

Jumma'a, 23 ga Yuni
Fish ɗin farko da za a cike, ni zan cike shi. Gurbin "musabbabi". Shef, maigidana a ofis, ya ce ta tarho in sa ruwan sama, a wuce wurin. Ba ƙarya ba ne. An yi ruwan.

Asabar, 24 ga Yuni
Na rubuta: "An kawar da alamar gargaɗi bisa umarnin jami'i." Na sa hannu, na aika. Daidaiton bayani ne kawai, ba wani abu ba.
Da hantsi na bi Tsoho rami-rami, yana faɗin abin da ya taɓa aukuwa, ina rubutawa. Haɗari goma sha ɗaya. A bangon gabas ya ɗora dutse biyu, ya tsaya yana kallona. Na ce, "Baba, wane iri ake zaɓa?" Ya ce, "Wanda ka iya ɗauka."
Na ukun da na ɗauka ya fi yadda na zata nauyi.