Sunan Da Kaka Cima Ba Ta Hwaɗi

Deule, ranar Lahadi

Zuwa ga taubashiyata Hamdiya, uwar allura,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ina lahiya, ina gajiyar aiki, ina mutanen Kaita da kike sa ma ɗiya kuka kullum? Ina hwatan damina ta same ku da alheri. Inna Asiya na gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san bokona a salula na tsince shi.

Albishirinki, Balki matar yaya Shamsuddin ta sauka ran Juma'a, namiji, mai hanci irin naki, Allah ya ba shi haƙuri. To daɗin takardar ya ƙare nan. Ki zauna kahin ki karanta sauran.

Da anka kai ma Kaka Cima jinjirin, ta riƙe shi ta daɗe, sannan ta ce da yaya ya maido mata ɗanta na hwari, wanda ya rasu shekarar yunwa tun ba a haihi babanki ba, balle innata. Yaya ya yi mata alkawari gaban mutane. Da ya tambayi sunan, sai ta juya huska bango. Kin san su, uwa ba ta kama sunan ɗan hwari, ko shina raye ko shina ƙasa. Abin da ta ce kawai, Gado ya sa shi cikin akwatinai.

Akwatin shi ne ordinater, wato kwamfutar marigayi babanki. Kin tuna yadda kawu Gado ya riƙa yawo Tabotaki da Babankatami shina tambayar tsohwahhi, shina zuba asalinmu cikin lojisiyel, manhajar nan mai zana dangi kamar icce? Inna ta ce wurin tsohon limamin Tabotaki ya samo sunan. Liman ya rasu, kawu ya rasu, inna kuwa bakinta bai taɓa sanin sunan ba.

Hamdiya, watan jiya na kai ordinater ɗin Buza wurin Rabo mai gyara. Nawa take yi kamar kunkuru, ko bidiyon kokowa ba ta nuna mini sai tana sarƙewa. Rabo ya wanke ta tas, ya sa mata sabon sistem. Kayan kawu ya kwashe su cikin kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka ma ordinater, suna nan, na rantse. Amma da munka sa sede, hwaihwan lojisiyel ɗin, sai ta hiddo wani rubutu da Hwaransanci ta tsaya. Rabo ya ce ya tsuhwa da yawa, sabon sistem bai san shi ba. Asalinmu na ciki, ƙohwa ta ƙi buɗuwa.

Na hwaɗa ma yaya gaskiya, ya yi dariya ya ce in bar shegantaka. Inna ma haka. Laihina ne, tun da na taɓa ce ma Tsoho mai shayi na'urar ta nuna kakanai ɓarawon jakai ne, har ya kwana biyu bai gaishe mu ba. Yau ina kuka da gaske ana ce mini na iya wasa.

Don Allah, don darajar kawu, in kin taɓa jin sunan a bakinai, ko kin san dabarar buɗe abin, ki aiko da direban da ya kawo miki wagga takarda. Na kira salularki ba ta shiga. Ki zage ni yadda kike so, amma ki zage ni kahin Juma'a.

Ki huta lahiya. Naki taubashi,
Mu'awiya

Deule, ranar Laraba

Hamdiya,

Sallama da gaisuwa. Ina lahiyarki, ina zahin hanya? Direba ya ce kun shiga daji rigakahi, babu rezon salula inda kuke. Ban ga laihinki ba, amma hannu wohi ya dawo mini.

Jiya na tahi Madawa bisa moto. Ruwa ya sauko, kori, rahin nan na hanya, ya cika, na ƙetare shi da ordinater bisa kai cikin buhun taki, ruwa har ƙugu. Wani ya tambaye ni mi na ɗauko haka, na ce mishi kakannina ne. Ya ɗauka wasa nike.

Wurin wani Abdoulkadir anka kwatanta mini, kusa da masu albasa. Mutumin kirki ne, ya bar aikinai ya zauna da ni. Da hwari ya yi ma sabon sistem wayo don ya yi kamar shi ne tsohon. Lojisiyel ɗin ya buɗe ido, na ga launin nan kore da kawu ke kallo, na tashi tsaye, sai ya mutu. Ya ce ana iya gina ma tsohon sistem ɗaki cikin sabo, ya gwada, na'urar ba ta da ƙarhin ɗaukar su biyu. Ya ce a nemo tsohuwar ordinater irin ta da, to ina zan same ta kahin jibi?

Ƙarshe ya buɗe kundin kawu tsirara, ba tare da lojisiyel ba. Hamdiya, da kin gani da kin yi kuka. Sunayen na nan cikin tarkacen alamomi kamar tsaba cikin ƙaiƙayi, amma iccen ya watse. Ba uba, ba ɗa, ba a san wa ya haihi wa ba. Shi ya riƙa tsinto sunayen maza shina karanta mini, ni ina rubutawa da ajami, har na cika takarda ciki da baya. Sunan da nike nema na hannuna, ban san wane ne ba.

Yanzu yaya ya yarda ba wasa nike ba. Bai buge ni ba, da ma ya buge ni. Ragon suna na ɗaure, an kai goro gida-gida, shi kuwa ko kallona bai yi.

Shaiɗan ya raya mini in zaɓi kowane in ce shi ne, tunda Kaka ba ta iya ƙaryata ni da baki. Amma tana ji lokacin da maroƙi zai ɗaga murya. Ta ina zan dubi idonta?

Na gwada ta da dabaruna duka. Na ce da ita, matata, ki raɗa mini a kunne, ba mai ji. Na ce to ki hwaɗa ma ƙwarya ni in laɓe. Ta jehe ni da mahuci, ko dariyar da ta saba ba ta yi ba. Ta rame ƙwarai, tuwo ta bari, sai kunu kurɓi biyu. Kullum jinjirin na bisa cinyarta. Ta ce mini Juma'a kawai take jira. Ban so yadda ta hwaɗi maganar ba.

Ki yi mini addu'a, ko kina hushi. Inna na gaishe ki.

Naki,
Mu'awiya

Deule, ranar Asabar

Zuwa ga uwar allura,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina lahiya, ina gajiyar daji? Saƙonki ya iso yau da sahe. Zagin ya zo daidai, na karɓa, saura wanda kinka ce sai mun haɗu. Tunda ke ma ba ki san sunan ba, bari ki ji yadda anka ƙare.

Ran Alhamis da hantsi na maida sunayen bisa allona, na shiga ɗakin Kaka. Na shirga mata ƙarya, na ce kawu Gado ya bar wasiyya a yi ma mamatan dangi addu'a ɗaya-ɗaya. Allah ya gahwarta mini wagga. Ta ɗauki tasbaha, na hwara kira. Kowane na kira sai ta ce Allah ya ji ƙanai, sannan ta ɗora nata. Wanga marowaci ne, ko hura bai ba baƙo. Wanga ƙanen wane ne, raƙumi ya kashe shi hanyar Tawa. Har ta hwara murmushi. Da na kira sunan kakanmu mijinta, ta yi tsit ta sunkuyar da kai, na gane dabarar na iya ci.

Na yi ta kira allo na ƙarewa. Can kusa da gindin allo na ce Zakariya'u. Tasbahar ta tsaya. Ba addu'a, ba labari. Ta ja mayahi ta ruhe huska. Na wuce gaba biyu, na sake dawowa kanai kamar na yi kuskure. Daga cikin mayahin ta ce mini miji marar kunya, in wuce.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. In wani surukinta ne da ban sani ba hwa? Su ma ba ta kama sunansu. Na kai ma yaya, na ce ban rantse ba. Ya dube ni ya daɗe, ya ce in na kunyata shi gaban tsohuwa in nemi wani wan.

Jiya da sahe anka taru, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya ce Zakariya'u, mata sunka ɗauki guɗa. Ni ina maƙale jikin rumbu ina leƙen ƙohwar Kaka. Balki ta ɗauko yaron ta kai mata gaban mata duka. Hamdiya, tsohuwar da ta kwana ta wuni da shi bisa cinya ta ƙi miƙa hannu. Ta kau da kai, ta hau tambayar wata maƙwabciya ko wakenta ya tsira, kamar ba ta ga kowa ba. Na ce a raina shi ke nan na kashe ta.

Sai na ga inna ta toshe baki tana hawaye tana dariya. Ta jawo ni ta ce, kai wawa, wace uwa ka taɓa gani ta ɗauki ɗan hwari gaban mutane?

Da rana ta yi, mutane sunka watse wurin nama, Balki ta nemi yaron ta rasa. Ta same shi ɗakin Kaka, an saki labule, tana mishi magana ƙasa-ƙasa. Kwanon tuwon suna na gehenta, ta cinye.

Ordinater ɗin babanki na nan cikin buhun taki, ban ƙara taɓa ta ba. In kin zo ki taho da takarda mai yawa, Kaka ta ce za ta maida mana iccen reshe-reshe, ban da waɗanda kinka sani. Waɗannan ni zan kira, ita ta yi shiru.

Inna da yaya da Balki na gaishe ki. Zakariya'u ma ya gaishe ki, ya ce ki bar allurarki Kaita.

Naki taubashi har kullum,
Mu'awiya