Ido a Goshin Hula

Rumuokoro, Fatakwal.
Farkon damina.

Zuwa ga Kawuna, Malam Kallamu, Abakpa Nike, Inugu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Inna Barira da duk mutanen gida. Yaya ƙarfin jiki, yaya kuma kunnen? Ya'u direba ya ce yanzu ko an kara maka waya ba ka jin abin da ake faɗa, shi ya sa na koma takarda, duk sanda ya tashi zuwa Inugu ya miƙa maka. Zakiyya da yara suna lafiya, suna gaishe ka.

Kawu, ka tambayi Ya'u ko har yanzu ina riƙe da sana'ar da ka koya mini. Ina riƙe da ita, amma ta canza kama. A da mutum ne zai aiko a kira ni: famfo na yoyo, ƙofa ta ƙi rufuwa, fanka ta tsaya, rufi na zuba. Yanzu unguwannin nan masu geti sun daina barin irinmu shiga. Maigadi zai tambaye ka lambar da kamfani ya turo, in babu ka juya. Gidajen da na daɗe ina yi wa aiki, sai dai in tsaya a titi ina hango rufinsu.

Da abin ya ishe ni na bi shawarar Jabir, ɗan garinmun nan da ka taɓa nema wa wurin kwana a Abakpa. Shi ne yanzu ke kula da ma'aikata a wani kamfanin gyare-gyare. Kamfanin ba shi da shago, a cikin waya yake. Mai gida ya danna abin da ya lalace, na'ura ta zaɓi wanda za ta tura. Babu mutumin da za ka yi wa bayani. In ta ce Eleme, sai ka hau okada ka nufi Eleme ko da hadari ya haɗo.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne suna. Ranar da suka ɗauki hotona sai na ga an rubuta Frank a ƙarƙashinsa. Jabir ya ce na'urar ta lura mutane ba sa son danna sunan Bahaushe, don haka ita ke raɗa wa kowa sunan da zai karɓu. Awwalu mai walda ya zama Alex. Kawu, a gabanka aka yanka ragon sunana. Yau ina sallama a ƙofar mutane ana cewa Frank ya iso, ni kuma ina amsawa. Duk sanda na amsa sai in ji kamar na haɗiyi ƙuda.

Amma aiki yana samuwa, yara suna zuwa makaranta, ba ƙara na kawo ba. Ka sa ni a addu'a.

Naka mai biyayya,
Falalu.

Rumuokoro, Fatakwal.
Tsakiyar damina.

Zuwa ga Kawu Kallamu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Inna Barira. Yaya ruwa a wajenku? Nan kam ya hana mu sakat, kasuwar Rumuokoro ta zama taɓo. Amsarka ta iso, na karanta ta na kuma karanta wa Zakiyya. Na ji abin da ka ce, cewa in dai hannuna bai yi ha'inci ba, su kira ni duk sunan da suka ga dama. Na gode.

To yanzu an ƙaro wani abu. Sun raba mana hular hana-salla mai tambarin kamfani, a goshinta akwai kyamara ƙarama kamar ƙwayar wake. Doka ce ka kunna ta tun daga geti har ka fito. In ka kashe, na'ura ta rage maka taurari, wato makin da take duba kafin ta tura ka aiki. Jabir ya ce don kare mu ne, kada a ƙaƙaba mana sata. Na yarda, domin ka san abin da ake yi wa ɗan Arewa in cokali ya ɓata a gida.

Daga baya Awwalu ya jiyo ainihin zancen. Wai akwai samari a ofis da aikinsu kawai su zauna gaban kwamfuta suna kallon hannuwanmu, suna sa alama: nan ya kama sifana, nan ya murɗa, nan ya naɗa zare a bakin bututu. Sai a sayar wa waɗansu a ƙasar waje da ke ƙera mutum-mutumi mai hannu, don ya koyi aikin. Da na tambayi Jabir bai musa ba. Dariya ya yi, ya ce nan da wasu shekaru inji ne zai riƙa shiga gidaje, gara mu ci rabonmu tun da sauran rana. Na ce masa su fara tura shi ya yashe masai a bayan tasha, in ya fito da ransa sai mu yi magana.

Na yi raha, amma abin bai yi mini daɗi ba. Kai da ka koya mini, da yardarka ka ba ni, kana tsaye a kaina kana buge mini hannu in na yi gaggawa. Su kuwa suna kwashewa daga hannuna ba ko sallama, don su koya wa abin da zai kore ni.

Akwai wata baiwar Allah da ban taɓa ba ka labarinta ba, Mama Ibiso. Tsohuwar nas ce, mijinta ya rasu, ita ce ta fara ba ni aiki a garin nan lokacin ko hanya ban sani ba. Takan bar mini makullin gidanta ta tafi coci. Bara ɓarin jikinta ya shanye. Ɗanta da ke ƙasar waje ne yanzu ke neman mata mai gyara ta wayar kamfani, ita kuma ta kafe sai ni. Makon jiya na je na kafa mata ƙarfen dafawa a bangon banɗaki. Wani abu marar daɗi ya faru a gidan, amma ta roƙe ni kada kowa ya ji, na kuma yi mata alkawari. Ko Zakiyya ban faɗa wa ba. Ka dai sa ta a addu'ar samun sauƙi.

Wassalam.
Ɗanka,
Falalu.

Rumuokoro, Fatakwal.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kai da Inna. Ka gafarce ni da gajeriyar gaisuwa, raina a ɓace yake.

Abin da na ɓoye maka zan faɗa yanzu, domin ya riga ya fita. Ranar da nake kafa ƙarfen nan, Mama Ibiso ta taƙarƙara ta shigo banɗakin don ta nuna mini tsayin da hannunta zai kai. Mai aikinta ta tafi kasuwa. Santsin tayil ya kwashe ta, ta faɗi, zaninta ya kwance, abin da ke samun mara lafiya kuma ya same ta, ta ɓata jikinta. Na runtse ido, na laluba tawul na rufe ta, na ɗaga ta na zaunar a kujera, na wanke wurin. Tana kuka ta riƙe wuyan hannuna ta ce, "Falalu, abeg, make nobody hear." Na ce mata har abada.

Kawu, na manta da hular da ke kaina. Ni na runtse ido, ita ba ta runtse ba.

Ranar Talata na je ofis canza batir, sai na ji ana sheƙa dariya a ɗakin samarin nan. Jabir ya leƙo ya ce Frank, zo ka ga fim ɗinka. Na shiga. Ga ta nan a allon kwamfuta, komai da komai, fuskarta a fili, domin da na sunkuya in ɗaga ta sai kyamarar ta nufe ta kai tsaye. Sun yanko wurin faɗuwar, sun sa kiɗa, suna maimaitawa. Wani yana cin gurasa da wake yana kallo. Har muryarta da take roƙona an bari, nan ne ma suka fi yin dariya.

Na fito na bar musu ɗakin.

Da na koma na kama Jabir da magana, sai ya ce in kwantar da hankalina. Wai ɗanta ya danna amincewa tun ranar da ya buɗe manhajar kamfanin a wayarsa, don haka babu laifin kowa. Wai na'ura ce ya kamata ta dushe fuskoki, wannan karon ta yi kuskure. Za su goge daga ofis. Na ce waɗanda suka tura wa juna a waya fa? Ya ɗaga kafaɗa. Ashe har Awwalu an tura masa, kunya ce ta hana shi gaya mini. Jabir ɗin nan da uwarsa ke kwance a gida ana juya ta, shi ne ya kira ni in zo in yi kallo. Tun ranar ko a masallaci na hango shi sai in canza sahu.

A ranar na ajiye musu hularsu a kan tebur na fito. Ba wanda ya ce in dakata. Washegari Awwalu ya nuna mini a waya, sun ɗora hoton wani a kan sunan Frank, da taurarina duka.

Abinci ba ya shiga, in na kai loma sai in tuna mai gurasar nan. Zakiyya ta ce in yi shiru, wataƙila tsohuwar ba za ta taɓa sani ba, sanin ma zai iya ƙarasa ta. Ni kuma ina ganin gara ta ji daga bakina da ta gani a wayar wani. Ban san wanne ne daidai ba. Ka ba ni shawara, Ya'u zai juyo ranar Asabar.

Ɗanka,
Falalu.

Rumuokoro, Fatakwal.
Ƙarshen damina.

Zuwa ga Kawuna, Malam Kallamu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙa gaisuwa gare ka da Inna Barira, da fatan zazzaɓin da Ya'u ya ce ta yi ya sauka. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Mu nan lafiya, sai godiya.

Na bi maganarka, na je na faɗa mata. Na durƙusa a gaban kujerarta na zayyana komai, ban rage ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Abu ɗaya ta tambaya, ko an ga fuskarta. Na ce an gani. Sai ta ce in tashi in tafi. Ɗanta ya yi ta bugo waya yana cewa zai kai kamfanin kotu, har yau dai ban ji an yi komai ba. Kamfanin yana nan, har sun buɗe reshe a Anacha. Na ji ta daina zuwa coci, wai duk wanda ya kalle ta sai ta ga kamar ya gani.

Ni kuwa na koma yawo da jakar kayan aikina a unguwannin da ba su da geti. Wata rana a samu, wata rana a dawo haka. Zakiyya ta fara soya ƙosai a ƙofar gida, da shi muke cike giɓi. Ban yi nadamar barin su ba.

Jiya da safe mai aikin Mama Ibiso ta zo har gida ta ce bututun kicin ya fashe, kuma Mama ta rantse ɗan kamfani ba zai sake taka mata gida ba. Na ɗauki jaka na bi ta. Na tarar da ita a bakin ƙofa a kan keken guragu, ta rame. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, sannan ta miƙo hannunta mai lafiya ta ce in ba ta hulata. Zanna ce, Kawu, tawa ta zuwa masallaci. Na cire na ba ta. Ta juya cikinta waje, ta bi ɗinkin da yatsa zagaye guda. Ta sa na matso ta shafa maɓallan rigata ɗaya bayan ɗaya. Ta sa aka zazzage jakata a ƙasa, wayata kuma aka bar ta a kan dakali a waje. Maƙwabta suna wucewa suna kallona, magidanci da furfura a gemu, tsaye ba hula.

Ta sa aka turo kekenta har kicin, ta zauna a bayana har na gama, hulata tana kan cinyarta. Da na buɗe famfo ta ga ba ya yoyo, sai ta miƙo mini ita, ta ce ni kaɗai za ta ci gaba da kira, amma duk zuwan da zan yi haka za a yi. Na ce na yarda. Sai da na fita titi sannan na mayar da ita kaina.

In Allah ya kai mu hutun yara zan zo Inugu in gan ka. Ka gaida Inna da kyau, Zakiyya da yara suna gaishe ku. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Wassalam.
Ɗanka mai ƙaunarka,
Falalu.