Ku Ƙarasa Hanyar Bakin Dam Kafin Ƙafafun Saratu Su Ƙage

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar da ke kula da madatsar ruwan ƙauyenmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, ina roƙon ka daure ka karanta wannan takarda har ƙarshenta. Sunana Umaru, ni manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum. Ban taɓa rubuta wa wani babba takarda irin wannan ba. Na rubuto wannan a fili, inda kowa zai gani, saboda sau uku ina zuwa ofishinku ina komowa ban sa ka a ido ba. Maganar kuwa a kan 'yar hanyar siminti ce ta masu tafiya a ƙasa, wadda kuka fara shimfiɗawa a bakin dam ɗinmu kuka bari. Na san cikin ayyukan da ke gabanka ita ce ƙarama. A gidana babu abin da ya kai ta girma.

Na ɗaya: wadda nake magana dominta.

Ina da ɗiya mai suna Saratu, shekarunta goma. A shekarar 2010, da gubar dalma ta faɗa wa ƙauyukanmu, ina cikin masu ɗauko dutsen zinariya daga ramuka su kawo gida a daka. A tsakar gidana ake dakansa, yara na wasa cikin ƙurar, ba mu san mutuwa muke shaƙa ba. Yayyenta maza biyu suka rasu a damina guda. Ita tana da shekara biyu, ta yi ta taune-taune da suma har muka fid da rai. Likitocin da suka zo taimako suka ba ta magani, aka kankare ƙasar gidanmu aka zuba sabuwa, Allah ya yi tana da sauran kwana. Ta rayu, amma ƙafafunta da hannunta na dama ba su da ƙarfi. Ni na shigo da dutsen nan gidana da hannuna. Ban ɗora wa kowa wannan laifi ba, kuma da shi nake kwana nake tashi.

Hankalinta lafiya lau, sai dai maganarta a hankali take fita. Har ta shekara bakwai da jan gindi take zagaya gida. Malama Rabi, ma'aikaciyar lafiya ta ɗakin shan magani da ke ƙetaren rafi, ita ta koya wa mahaifiyarta yadda za ta riƙa miƙe mata ƙafafu da ruwan ɗumi. Ta kuma ce mana wannan kaɗai ba zai isa ba, dole yarinya ta riƙa takawa kullum a wuri mai tauri, marar tudu da kwari. Wani mai walda a Gummi ya haɗa mata ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. To amma ina za ta taka? Da rani yashi ke haɗiye ƙafafun ƙarfen. Da damina laka ce, ga sawun shanu, ga ramukan da amalanke ke bari. Tsakar gidana kuwa taki shida ne ka iske bango.

Na biyu: alherin da kuka yi mana, don kada a ce ban gode ba.

Rani uku ke nan da mutanenku suka zo suka tara mu gaban mai unguwa. Suka ce za a shimfiɗa hanyar ƙafa ta siminti daga bakin gari, ta bi saman bangon dam, ta gangara ta bi gefen rafi har ɗakin shan magani. Ba ta mota ba ce, faɗinta na mutum biyu ne su jera. Aka fara. Daga gindin tsamiyar da ke bakin gari aka kai har mashayar shanu, taki ɗari uku da ashirin a ƙafata, na ƙirga ba sau ɗaya ba. Daga nan aka kwashe kayan aiki aka ce sai bayan Sallah. Ko sulusin hanyar ba a yi ba.

Ranka ya daɗe, a kan wannan guntun siminti ɗiyata ta fara tafiya.

Kullum bayan la'asar nakan goyo ta zuwa gindin tsamiya, in tsayar da ita cikin ƙarfenta, in riƙe mata kafaɗa. Wata biyu muna haka. Ran nan sai ta ce, "Baba, sake ni." Na ce za ki faɗi. Ta ce, "In na faɗi ka tashe ni." Na sake ta, hannuwana na bin bayanta ba su taɓa ta ba. Ta yi taki goma sha ɗaya. Mahaifiyarta, Hadiza, wadda tun rasuwar 'ya'yanmu ban ƙara jin dariyarta ba, ta durƙusa a kan simintin tana dariya tana kuka, matan da suka zo ɗibar ruwa suka ajiye tulunansu suna guɗa. Kafin kaka ta yi, Saratu na kaiwa har mashaya ta huta ta komo. Ta san inda agwagin ruwa ke taruwa, ta san masunta da sunayensu, su ma in ba su gan ta ba sai sun aiko tambaya.

Ba ita kaɗai ba ce. Malam Isa, makahon da ke limancin masallacin unguwarmu, da sandarsa yake bin gefen simintin shi kaɗai, ba ɗan jagora. Tsofaffin da gwiwa ta hana su tsallake kunyar gona sun samu wurin miƙe ƙafa. Mata masu ciki kan bi ta da yamma. Ban taɓa sanin hanya mai laushin bi a bakin ruwa magani ba ce, sai da na gani da idona.

Na uku: abin da barin aikin ya jawo.

Inda aka tsaya ba a sa kwalbati ba, kuma an bar rodi tsirara a tsaitsaye. Ruwan da ke gangarowa daga tudu ya rasa hanya, sai ya riƙa cin ƙasar da ke ƙarƙashin simintin. Damina ta farko ya tsage. Ta biyu ya rufta a tsakiya, ya bar rami da mutum zai shiga har ƙugu, sauran kuma ya zama ɓawo, sama lafiya ƙasa rami.

A ƙarshen daminar da ta wuce, da hantsi, muna tafe a gefen da muke zaton mai kyau ne, sai simintin ya burma da ƙafar ƙarfenta. Ta kife ta wajen ruwa. Na cafko zanenta, shi ya hana ta gangarawa cikin dam, amma rodi ya yage mata cinya. Na ɗaure wurin da rawanina na saɓa ta a baya. Sauran hanyar da ba ku yi ba ita na bi da ita, cikin taɓo har gwiwa, jininta na bin ƙafata, tana cewa, "Baba, yi haƙuri," kamar ita ta yi laifi. Tafiyar da ba ta kai ta shan fura ba in da an gama aikin, sai da aka kira azahar muka isa. Hanyar zagaye ta daji kuwa kai ma ka san yadda ta zama a 'yan shekarun nan, ba mai bin ta da yarinya a baya.

An ɗinke ciwon, ya warke. Amma wata biyar ke nan Saratu ba ta taka ba. Da na kai ta awo na ƙarshe, Malama Rabi ta kama gwiwarta ta hagu ta ja, ta ƙi miƙewa duka. Ta fitar da ni waje don kada yarinya ta ji, ta ce, "Malam Umaru, jijiyoyin sun fara ƙagewa. In wata damina ta wuce ba ta takawa, ko an gyara hanyar ba za ta amfane ta ba." Wannan magana ita ta hana ni zama, ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Na huɗu: ba mu naɗe hannu muna jiran ku ba.

Mai unguwa ya kira gayya. Muka kwana huɗu muna ɗebo duwatsu da jakuna, matasa suka kwaso yashi daga rafi, wani birkila ɗan garinmu ya ce zai yi aikin don Allah. Ranar da muka fara cike ramin, sai ga wani ma'aikacinku a kan babur. Ya ce mu dakata, aikin yana hannun ɗan kwangila, duk wanda ya taɓa shi zai amsa tambaya. Muka ce ina ɗan kwangilar? Ya ce ba huruminsa ba ne. Mutanenmu talakawa ne, suna tsoron hukuma, kowa ya saɓa fartanyarsa ya koma gida.

Daga nan na fara zarya. Zuwan farko aka ce ka yi tafiya. Na biyu aka ce in kawo koke a rubuce, na kawo, wani ya karɓa ya sa a aljihun tebur ina kallo. Na uku na yini a kan benci ban ci komai ba, da yamma masinja ya tausaya mani ya ce, "Baba, ka koma gida, takardar aikin tana sama." Ban san inda saman nan yake ba, da na je.

Ranka ya daɗe, ka duba wannan al'amari. Ba ku gyara ba, kuma kun hana mu gyarawa. In akwai hikima a ciki, ni ban gane ta ba.

Na biyar: halin da nake ciki.

Na haura shekara hamsin da biyar, kuma shiga ramin zinariya ya riga ya cinye mani baya. Saratu ta yi nauyi. In na goya ta zuwa ɗakin shan magani sai na kwana biyu ban iya sunkuyawa a gona ba. Ta kuma fara girma, ta fara jin kunya. Ba ta son a gan ta a bayan ubanta, takan rufe fuska da mayafi in mun gamu da mutane. Mahaifiyarta ba ta iya ɗaukarta. Ba ni da ɗa namiji da zan ce gobe shi zai karɓe ni. Abin da nake nema mata a duniya bai wuce ta iya kai kanta bayan gida, ta iya ɗebo ruwan alwalarta, ranar da babu ni. Ta kusa samun haka. Da idona na ga ta kusa.

Saboda haka ga roƙona, na jero shi daga babba zuwa ƙarami, ka ɗauki wanda Allah ya hore maka:

1. Ku dawo ku ƙarasa hanyar har ɗakin shan magani, kamar yadda aka yi alkawari a gaban mai unguwa da jama'a.

2. In hakan ba zai samu bana ba, ku gyara guntun da ya rufta, ku sa kwalbati inda ruwa ke bi, kafin ruwan farko ya sauka.

3. In shi ma ya yi nauyi, ku ba mu takarda mai hatimi da sa hannunka cewa an yarda mu gyara da kanmu. Duwatsu da yashi suna nan, hannuwa suna nan. Takarda guda kawai.

4. Ko ba ku yi komai ba, ku aiko a yanke rodin nan. Yaran gari na wasa a wurin, Malam Isa kuma ya daina fita tun da sandarsa ta faɗa ramin.

5. Ka zo ka gani da idonka, ko ka aiko wanda ka amince da shi. Ba za mu tara mutane mu yi maka ihu ba. Tabarma za mu shimfiɗa maka, in nuna maka wurin, in nuna maka yarinyar.

Ban rubuto don in ci mutuncinka ba. Wataƙila ma labarin bai taɓa iso ka ba, wataƙila an ce maka an gama aikin. To yau ya iso ka, kuma ni na sauke nauyin faɗa.

Abu guda ya rage da ban so in rubuta ba. Shekaranjiya ina gyaran igiya a ƙofar ɗaki, na ji Saratu ta kira mahaifiyarta ta ce, "Inna, ki ba Hajara takalmana, ƙafarta ta kai." Hajara ɗiyar maƙwabcinmu ce. Hadiza ta ce, ke kuma fa? Ta ce, "Ni mi zan yi da su?" Ba kuka take ba, a natse ta faɗa, kamar mai ba da saƙon cefane. Hadiza ta fito da takalman a hannu ta tsaya tana dubana. Na ce ta mayar ta ajiye, Saratu za ta sa abinta. Na faɗa da ƙarfi don yarinyar ta ji.

Ranka ya daɗe, ban taɓa yi wa ɗiyar nan ƙarya ba. Don girman Allah kada ka bari wannan ta zama ta farko.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka zuriyarka da ƙafafunsu, ya tsare ka daga ganin irin abin da na gani. Allah ya haɗa ka da mashawarta masu gaya maka gaskiya, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya sa hanyar nan ta zama cikin abin da za ka tarar a mizaninka ranar gobe.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Umaru, mahaifin Saratu,
daga ƙasar Bukkuyum.